Turancin da Ya Kusa Hana Haruna Aure

Shekaranjiya wasu samari uku suka tsaya a bakin shagona a nan Azare, suna kallon tsohuwar tafiretar da na ɗora a kan kanta. Ɗayansu ya danna harafi guda da ɗan yatsa, ya ji ƙararsa, ya ce, "Baba, wai da wannan kuka ci abinci? Ai aikin ba wuya, danna-danna ne kawai. Yanzu waya ma tana yi." Na ce masa gaskiya ne, waya tana yi, kuma Turancinta ya fi nawa santsi. Ban ja da shi ba, domin ni ma da na shigo sana'ar haka na ɗauka. Amma tun da suka tafi maganar take yi mini yawo a ka, shi ya sa na ce bari in rubuta wa irinsu yadda aikin yake.

Sunana Idi, amma in ba ka ce Idi Tafireta ba, ba wanda zai nuna maka ni a garin nan. Sana'ata ita ce rubuta wa mutane wasiƙa da Turanci. Takardar neman aiki, takardar koke, neman hutu, neman canjin wurin aiki, duk sun bi ta hannuna shekara talatin da 'yan kai.

Takarda ta farko da na buga ta wani manomi ce daga Gamawa, wanda shanu suka shigar masa gona. Kafin a bar ni in buga ta, sai da na yi wata huɗu a wurin maigidana ban taɓa harafi ko ɗaya ba. Maigidan nawa shi ne Malam Kyari, mutumin Borno da ya zauna a Azare tun yana saurayi, tsohon akawu, mai teburi a gindin darbejiya daura da gidan waya. Aikina a watannin nan in ɗauko injin da safe, ƙarfe zalla mai nauyin turmi, in wanke haruffansa da tsohon buroshin haƙori da ɗigon kananzir, domin tawada tana toshe cikin harafi har ya riƙa fitowa kamar ƙuda ya mutu a takarda. In ɗaura ribon, wato zaren tawadar nan mai baƙi a sama da ja a ƙasa. In jera takardar kabon da muke sakawa tsakani don mu riƙe kwafin duk abin da muka buga. In ajiye reza ta kankare kuskure, da ƙamus wanda bangonsa ya daɗe da tafiya, da dutsen da muke danne takardu da shi. Bayan haka sai in zauna in yi shiru.

Shirun nan shi ne karatun. Malam Kyari ya ce aikin hawa uku ne. Na farko saurare, domin mutum zai zo ya faro maka labari tun daga kakansa, abin da yake so kuma yana can ƙarshe a layi ɗaya. Na biyu bugu. Na uku shi ne abin da yake kira mayarwa: ka ɗauki takardar ka karanta wa mai ita da Hausa, layi bayan layi, abin da ka rubuta, ba abin da ya faɗa ba, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. "Wasiƙa ta mai ita ce," haka yake cewa. "Kai aron hannunka aka yi." Yana kuma da wata ƙa'ida ta ambulan. Duk takardar da za ta je wa macen da ba ta da aure, sai a rubuta sunan mahaifinta ko waliyyinta a ƙarƙashin nata, ta bi ta hannunsa. Ya ce teburinsa ba na ɓoye-ɓoye ba ne.

Wata rana wani sabon malamin makaranta ya kawo takardar da ya rubuta da hannu, ya ce a buga masa kawai, kada a taɓa komai. Layin farko ya ce "My names are", wato sunayena su ne kaza da kaza. Malam Kyari ya sauke tabarau ya leƙa bayan mutumin.

"Ina sauran?"

"Su wa, Malam?"

"Na ga ka ce sunayenka. Na ɗauka ku da yawa ne."

Irin waɗannan su ne abin da ya ƙi jini. In ya ga "discuss about" sai ya ce an sa wa kai ɗaya hula biyu. Akwai wani tsohon duba-gari da ke zuwa shan inuwa a wurinmu, sun shekara suna gardama a kan ko a rufe takarda da "Yours faithfully" ko da "Your obedient servant". Duba-gari ya ce na biyun ya fi ladabi, Malam Kyari ya ce shi ba ya mai da ɗan mutane bawa a kan takarda. Ni kuma gardamata da shi a kan "I am coming" ce, wadda mutum ke faɗa alhali tafiya zai yi. Ya ce wannan "ina zuwa" ce ta Hausa aka sa mata kwat. Na ce to ai kwat ɗin ta zauna mata, tunda daga Azare har Katagum ba wanda ba ya ganewa. Ya ce, "Kai da ke karanta littattafan ƙarya, me ka sani?"

Nan ya kama ni. A ƙarƙashin teburi kullum ina da littafin soyayya guda, irin waɗanda muke haya a kasuwa, masu hoton budurwa ta yi tagumi a bango. Ina karanta su kamar ana shan fura a rani. Har littafin rubutu na keɓe, duk inda na ga zance mai daɗi sai in ɗauke shi in juya shi da Turanci da taimakon ƙamus, ina jiran ranar da wani zai buƙace shi. Shekara goma ba wanda ya buƙata. Mai koken shanu ba ruwansa da wata daren sha huɗu.

Sai muguwar shekara ta zo. Yanar ido ta rufe wa Malam Kyari gani, ya koma gida ya bar mini teburi. A wannan shekarar kuma aka buɗe shagon kwamfuta na farko a unguwarmu, ma'aikata da 'yan makaranta duk suka kwashe suka koma can, domin takardarsu tana fitowa fes ba tabon reza. Ribon ya yi wuya, sai an je Kano, ni kuwa sai in warware tsohon in shafa masa tawadar hatimi da ɗigon man keken ɗinki, in shanya shi a inuwa. Ana yin wuni guda ban buga takarda biyu ba. Mutanen ƙauye ne kawai ba su gudu ba, suna zuwa ranar kasuwa, saboda a shagon kwamfuta ba mai zama ya saurari labari tun daga kaka. Sauran ranakun ni da littattafaina ne. Wanda bai da aiki kuma ya cika kansa da soyayya, ku ji abin da ke fitowa daga hannunsa.

Wata Talata da hantsi wani mutum ya zo ya tsaya a kaina yana juya makullin mota a yatsa. Na san shi, Haruna ne, mutumin Giade, direban ƙaramar bas da ke jigila tsakanin Azare da Misau. Ya gaishe ni sau uku. Ya tambayi lafiyar Malam Kyari sau biyu. Sannan ya duba gabas da yamma ya tsuguna.

"Malam Idi, kana rubuta ta aure?"

Na rufe littafina. Shekara goma ina jiran tambayar nan.

Ya ce sunanta Malama Asabe, tana koyarwa a wata firamare a nan Azare, aurenta na fari ya mutu, duk Juma'a tana shiga motarsa zuwa gidansu a Misau, ta dawo Lahadi. Wata takwas yana ajiye mata gidan gaba, ko 'yan kamasho sun san ba a sayar da kujerar nan ranar Juma'a. A wata takwas ɗin abin da ya iya ce mata shi ne, "Malama, ya aiki?"

"To me ya hana ka faɗa mata?"

"A gaban fasinja goma sha huɗu? Kuma malama ce fa. Irinsu sai da Turanci."

Na ce ya faɗi abin da yake so a rubuta. Ya ce, "Ka ce ina gaishe ta. Ka ce ni ba mutumin banza ba ne, a tambaya a tasha. Ka ce in ta yarda zan turo manya." Shi ke nan, magana uku.

Na mai da su shafi biyu. Na sa wata, na sa taurari, na sa zuciyar da ta zama kamar gonar da ke jiran ruwan fari. Da na zare takardar, lokacin mayarwa ya yi, sai na ji kunya ta kama ni, domin da Hausa abin ba zai faɗu a gaban ƙato mai gemu ba. Na ce, "Na ce kana gaishe ta, da sauran abin da ka ce."

Ya auna shafin da ido. "Duk wannan gaisuwa ce?"

"Turanci haka yake, yana da tsawo."

Ya sa hannu. Na rubuta ambulan yadda aka koya mini, sunanta a sama, na mahaifinta Malam Adamu a ƙasa, muka manna kan sarki.

Bayan kwana tara amsa ta zo. Takardarmu ce aka dawo mana da ita, an bi ta da jan biro tun daga sama har ƙasa. An ja layi a ƙarƙashin wannan, an kewaye wancan, an soke wata kalma an rubuta wata a samanta da rubutu mai kyau kamar na injin. A can ƙasa an ba mu maki: huɗu bisa goma.

"Me ta ce?" in ji Haruna.

"Ta ba mu huɗu."

"Huɗu na me?"

"Bisa goma."

Fuskarsa ta faɗi. Na ce masa ya kwantar da hankali, ni na san halin mata, duk littattafan da na karanta sun nuna mace ba ta ɓata tawadarta a kan wanda ba ta so. Jan aji ne. Ya tafi da fara'arsa.

Ta biyu na kwana biyu ina tsara ta, na gyara duk abin da aka soke, sai guda ɗaya da na ƙi. Na rubuta "between you and I", an mayar mini da shi "me". Na sake sa nawa, har na ƙara layi a ƙasa cewa haka manyan mutane ke faɗa a rediyo. Ta dawo da shida bisa goma, a gefe kuma an rubuta cewa rediyo ba makaranta ba ce. Ni sai abin ya zama mini wasa mai daɗi. Na manta da Haruna, na shiga gasa da mai jan biro. Ina zaune ina hango ta a ƙarƙashin bishiya, iska tana kaɗa mayafinta, tana murmushi tana soke mini kalmomi. Na ce a ta uku sai na ci goma.

A ta ukun na zazzage littafin rubutuna gaba ɗaya. A ƙarshenta na sa Haruna ya ce in har ta amince, zai ajiye mota, ya jefa makullinta a kogi, ya zo ya zauna a ƙofar gidansu ba ci ba sha, yana kallon inuwarta har ƙarshen ransa. Ni kaina da na buga layin sai da na tsaya na sake karantawa don daɗi. Mayarwa kuwa, na ce masa, "Kamar na baya ne." Ya sa hannu.

Mako biyu shiru. Ran nan da azahar, bayan an tashi daga makaranta, wata mace mai jaka a kafaɗa da ƙurar alli a yatsu ta tsaya a gaban teburina.

"Malam, kai ne Idi Tafireta?"

"Ni ne, Malama. Takardar me za a buga?"

"Ka buga sun isa. Ni ce Asabe."

Na miƙe tsaye na ba ta benci, na ce ina fata ta ga an sami ci gaba a ta ukun.

"Ni ban ga ko ɗaya ba," in ji ta. "Jiya Inna take faɗa mini. Ka san wane ne babana? Shekara ashirin da shida yana hedimasta. Duk ambulan da ke ɗauke da sunansa buɗewa yake, duk Turancin da ya gani kuma sai ya ba shi maki. Takardar asibiti ma bai bari ba."

Sai na ga bishiyar da mayafin duk sun watse, wani tsoho mai tabarau ya zauna a wurin.

"Biyun farko dariya suka ba shi," ta ci gaba. "Har ya ce direban nan yana da ƙoƙari, ya fara tambaya a kansa. Ta ukun ce ta ɓata komai. Ya ce mutumin da zai jefa makullin motar mutane a kogi ya zauna a ƙofar gida, ko dai maƙaryaci ne ko malalaci, kuma shi ba ya ba ko ɗayansu 'ya. Ya ce kada a sake yi masa maganar direba."

Na ce, "To ke Malama, me kika gani?"

Ta gyara jakarta. "Wata takwas ina zama a gidan gaba, Malam. Kana ganin ban san akwai wasu motocin a tasha ba? Da ya buɗe baki da Hausar da Allah ya ba shi, da tuni an wuce wurin." Ta yi gaba abinta.

Na ɗauko kwafin ta ukun daga jaka na nufi tasha. Na sami Haruna yana duba mai, na ja shi bayan rumfar mai shayi, na yi masa mayarwar da ya kamata in yi tun farko, layi bayan layi. Yana ji yana gyaɗa kai a wurin wata da taurari, ya ce ba laifi. Da na zo kan makulli sai ya riƙe mini hannu.

"Tsaya. Ni na ce zan jefa makulli a kogi?"

"Haka aka rubuta."

"Makullin motar Alhaji? Motar da ba tawa ba?"

"Salon magana ne, Haruna."

"Wane kogin ma? Kuma ba ci ba sha? Ni da ko azumin nafila sai na yi da gaske? Malam Idi, ka kashe ni da raina!"

Mai shayi da ke jinmu ya ce, "In za ka jefa, ka faɗa mini wurin, ina da ɗan'uwa masunci." Haruna bai yi dariya ba. Ya zauna a kan taya ya dafe kai.

Daga nan gidan Malam Kyari na wuce. Na same shi a zaure yana jan carbi, na kwashe labari na faɗa masa. Bai katse ni ba har na gama. Tambaya ɗaya ya yi.

"Ka yi mayarwa?"

"Ban yi ba, Malam."

"To. Ta inda aka hau ta nan ake sauka. Ɗauki injin ka tafi Misau. Ba takarda za ka aika ba, da ƙafarka za ka je, da mai wasiƙar a gefenka." Da na miƙe sai ya ƙara da cewa, "Kuma tsohon nan yana da gaskiya, 'me' ne. Kada ka je kana yi masa gardama."

Asabar da safe muka kama hanya, ni a gidan gaba da tafireta a cinya, duk ramin da muka shiga sai ƙararrawarta ta buga. Haruna ya sauke fasinja a tashar Misau, ya ce wa 'yan kamasho su fara lodi yana zuwa. Muka ƙarasa da ƙafa, injin a kaina.

Malam Adamu dogo ne siriri, farin gemu, tabarau a ƙarshen hanci. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya dubi injin, ya dube ni.

"Kai ne mai rediyo?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma na janye."

"Madalla. An fara samun ci gaba."

Na faɗa masa gaskiya duka: cewa Haruna magana uku ya yi, sauran nawa ne, kuma ban karanta masa abin da ya sa wa hannu ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Turancinka ba laifi," in ji shi. "Na ga waɗanda suka fi ka takarda ba su kai ka ba. Hankalinka ne da sauran gyara. Amma ni abin da na sani, abin da mutum ya sa wa hannu shi ne maganarsa. Tunda ka zo da injin, kafa shi. Kai kuma direba, faɗi da bakinka, shi ya buga a gabana. In ya ƙara ko waƙafi zan gani."

Na ɗora injin a kan wata 'yar kujera, na saka takarda da kabon. Haruna ya share gumi ya ce, "Baba, sunana Haruna, ɗan Malam Buba na Giade." Na fara juyawa da Turanci. Ban kai ƙarshen layi ba tsohon ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Da wane harshe ya faɗa?"

"Da Hausa."

"To kai wa ya aike ka Ingila? Zare, sa sabuwa."

Shekara goma sha ɗaya ina kan injin nan, ranar na fara buga Hausa da shi. Ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, don haka duk layin da na gama sai in ɗauki biro in yi musu ƙugiya da hannu. Aikin ya tafi a hankali, kuma hakan ya yi wa Haruna daidai, domin shi ma a hankali maganar take fito masa. Ya ce motar ba tasa ba ce, amma shekara tara yana riƙe da ita ba a taɓa kai ƙararsa ba. Ya ce yana da ɗaki biyu a Azare da gona a Giade wadda ƙaninsa ke nomawa. Ya ce ya yi makaranta aji huɗu ya bari. Ya ce ba ya shan komai sai shayi, kuma yana da saurin fushi a kan hanya amma ba ya kawo shi gida. Ina bugawa hannuna yana ƙaiƙayi. Wurare uku na ga inda wata zai shiga daidai, na danne.

"Maganar makulli fa?" in ji Malam Adamu.

"Baba, ko faɗawa ya yi kogi da kansa, binsa zan yi."

"Buga. Zaman ƙofar gidana fa?"

"In na zauna, wa zai kawo ta ran Juma'a?"

Gemun tsohon ya ɗan motsa, amma bai bari dariyar ta fito ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Na farkon da na ba shi ita, da Turanci ya zo mini, ba kuskure ko ɗaya. Wata uku da aure ya ce ta ajiye alli. Kai fa? Za ta ci gaba da koyarwa?"

"Ai da aikin na gan ta, Baba. Ni abin da ya fara burge ni ke nan, yadda take duba littattafan yara a mota ko rami bai sa ta tsallake layi."

"Buga wannan ma."

Na buga. Tsohon ya karɓi takardar ya shiga cikin gida da ita. Muka zauna muna jin kukan akuya da ƙarar turmi daga maƙwabta. Haruna ya shanye ruwansa ya shanye nawa. Sau biyu ya raɗa mini, "Kana ganin nawa za mu ci?" Na ce ya yi shiru.

Da tsohon ya fito, ya mai da takardar cikin injin da hannunsa, ya daidaita ta fiye da yadda ni zan yi, ya ce in buga a ƙasa. Ya faɗa, na buga: "Na ji, mahaifiyarta ta ji, ita ma an tambaye ta. A turo manya." Ya zare, ya yi wa haruffan ƙugiyarsu, ya sa hannu, ya miƙo.

Na kai hannu zan karɓa in karanta wa mai ita, Haruna ya riga ni.

"Kawo nan, Malam Idi. Wannan ina iyawa."

Ya ɗora yatsa a layin farko ya fara, harafi bayan harafi, kamar mota tana hawa tudu da kaya. Ya karanta sunan mahaifinsa, ya karanta ɗaki biyu da gona, ya karanta shayi. Ba wanda ya taya shi. Da ya iso layin ƙarshe ya karanta shi, ya tsaya, ya mai da yatsa baya ya sake karantawa. Ya koma zai yi na uku.

"Ba kuskure a layin nan, ɗana," in ji Malam Adamu. "Na duba shi da kaina. Tashi ka je, fasinja na jiranka."